Rediyon tsohuwar Camry ya ƙi karɓar karatun da ke cikin wayata

Laminu Mokoyo: Assalamu alaikum jama'a. Masu sanin harkar mota ku taimaka mini. Motar kawuna ce ta dawo hannuna, Camry 2000, shigowar Amurka ta Kwatano. Rediyonta na asali ne, bakin kaset kawai gare shi, babu USB, babu ramin soka waya, balle Bluetooth. Ni kuma duk karatun Alƙur'ani da wa'azin da nake saurare suna cikin waya da wata ƴar MP3 da na daɗe da ita. Shekaranjiya na sayi abin nan da ake sokawa a ramin kunna taba yana tura sauti ta FM, jikka uku da rabi a Babbar Kasuwa. Mai shago ya gwada mini da rediyon hannu, sauti ras. Na zo mota, sai shuuu kamar ana suyar ƙosai, muryar malam can ƙasa kamar daga cikin rijiya. An cuce ni ne ko ni ne ban iya ba?

Nura Mai Waya: Wa alaikumus salam. Yaya Laminu, a kan wace lamba ka aje shi?

Laminu Mokoyo: Yadda mai shagon ya bar shi, 88.0.

Bashir Ɗan Jami'a: To ga matsalar nan, Yaya. Ba a cuce ka ba tukuna. Rediyon motar da aka ƙera don kasuwar Amurka ba ya tsayawa a kan 88.0 ko kusa. Can tashoshinsu tsallake ɗaya suke yi, ƙarshen lambar kullum mara ce: 87.9, 88.1, 88.3, haka har 107.9. Na Turai ne ke tafiya ɗaya bayan ɗaya. Kai kana turawa a 88.0, rediyo yana saurare a 88.1, gefen maganar kawai yake kamawa. Je ka murɗa ka gani, in ƙarya nake ka dawo ka faɗa.

Laminu Mokoyo: Ikon Allah. Yanzu na fita na gwada. Daga 87.9 sai 88.1. Wata biyu ina tuƙa motar nan ban taɓa lura ba. Na mai da abin 88.1, murya ta fito sosai. Allah ya ƙara basira ƙanena.

Bashir Ɗan Jami'a: Amin. Wanda kuma aka sa wa rediyon gwanjo na Japan, nasa ya fi wannan: daga 76 yake farawa ya tsaya a 90, namu kuwa daga 87.5 zuwa 108. Ɗan tsakanin nan kawai suka haɗu.

Laminu Mokoyo: Sai dai murna ta koma ciki. A ƙofar gida lafiya lau. Da na shiga gari wajen tasha, sai ga wata tashar tana kutsowa, malam na karatu ana sanarwar ɗaurin aure a bayansa.

Habu Direba: Hahaha, haka abin yake, ba ka ga komai ba. Ni shekara huɗu ke nan ina aiki da shi a Hiyas, Maradi zuwa Damagaram. Cikin gari sai haƙuri, gidajen rediyo sun yi yawa, ga Anfani ga Sarauniya ga sauran, kowa da ƙarfinsa, ɗan abin nan kuwa ƙarfinsa bai wuce tsawon mota ba. Amma da ka bar gari ka miƙi kwalta, kafin Tasawa ma, sai ka rantse CD ne. Dabarata ita ce na aje lamba biyu a maɓallan rediyo, in ɗaya ta cushe in koma ɗayar. Kuma ka sauke eriya in irin mai saukuwa ce, sai tashoshin waje su yi rauni naka ya yi rinjaye.

Sabi'u Zariya 2: Ni fa ban ga dalilin wannan wahala ba. Rediyon da ya girmi wasu a zauren nan ake ta lallashi? A cire shi a sa na zamani. Ƴan China sun cika kasuwa, da USB da memori da Bluetooth har da rimot. Minti talatin an gama.

Isa Mai Lantarkin Mota: Sannunku. Yanzu na taso daga garaji na ga maganar. Sabi'u, dakata da almakashinka, za mu zo kanka.

Laminu, tsohon rediyo ƙofa ukku gare shi da sauti zai iya shiga. Ta farko eriya, ita ce ka bi yanzu, kuma ita ta fi kowace ƙura, don kai da duk gidajen rediyon gari kuke turereniya a bakinta. Ta biyu bakin kaset. Ta ukku tana baya, ba a ganinta sai an zaro rediyon: wurin da anka tanada don akwatin CD mai faifai shida da ake ajewa a but. Wagga ita ce ƙofar sarki, sauti na shiga kai tsaye ba ya bin iska.

Tunda taka na da kaset, fara da nan, shi ya fi araha. Akwai kaset na ƙarya mai wutsiya, siffarsa kaset sak amma babu zare ciki, sai waya siririya da ta fito daga gefe mai kan 3.5, irin na abin saurare na kunne. Ka tura shi kamar kaset, ka soka wutsiyar a wayarka ko MP3 ɗin, shi ke nan. Ba ya cin batir, ba ruwansa da lamba, ba ruwansa da sanarwar ɗaurin aure.

Laminu Mokoyo: Maigida Isa, to in babu zare me rediyon yake karantawa?

Bashir Ɗan Jami'a: Bari in ɗan shiga, Maigida ya gyara mini in na kauce. Shi kan da ke karanta kaset ba zaren yake ji ba, maganaɗisun da ke jikin zaren yake ji. To a cikin na ƙaryar an sa wani kai irinsa, mai naɗin waya a ciki. Sautin wayarka yana shiga naɗin ya zama maganaɗisu, kan nan biyu su haɗa goshi, na motar ya ɗauka zare ne ke wucewa. Kaset ɗin da kamfanin Philips ya fito da shi tun 1963, ga shi yau yana karanta abin da aka turo ta WhatsApp.

Isa Mai Lantarkin Mota: Ba gyara. Abin da kuke koyo a jami'ar Ɗan Dikko ke nan ashe, mu da hannu munka gano shi.

Malama Zainabu: Assalamu alaikum. Malam Isa, ni wannan kaset mai wutsiya ya ba ni haushi har na jefa shi cikin akwatin gaba. Corolla gare ni. In na sa shi sai ya yi daƙiƙa biyar yana magana, sai ƙwas, ya juya gefe na biyu, sai ƙwas, ya dawo. Haka zai yi ta yi kamar mai neman alƙibla, daga ƙarshe ya tofo shi waje. Yara har sun sa masa suna Mai Tari.

Isa Mai Lantarkin Mota: Hajiya, Mai Tari na da magani. Rediyonki irin mai juya kaset da kansa ne. Yadda yake gane kaset ya ƙare shi ne in ya ji ƙafafun nan biyu sun yi tauri sun bar juyawa. A cikin kaset na ƙarya akwai ƴan haƙoran roba da ke haɗa ƙafa da ƙafa, don rediyo ya ji kamar zare na tafiya. In haƙoran sun cije, ko ƙura ta shiga, ko irin mai arhar nan ne da ba a goge shi da kyau ba, sai rediyo ya ce kaset ya ƙare, ya juya. Can ma ya ji tauri, ya sake juyowa.

Ki kwance ƴan kusoshin da ke jikinsa, ki buɗe a kan faranti don kada wani abu ya faɗi ƙasa ya ɓace. Kafin ki taɓa komai ki ɗauki hoto da waya, don ki san mazaunin kowane. Ki busa ƙurar, ki juya da yatsa ki ji inda ke cijewa. Sau da yawa akwai wani ƙaramin haƙori mai ɗan birki da ke hana shi juyawa baya, in anka cire shi rigima ta mutu. In kin yi haka bai bari ba, to ba laifin Mai Tari ba ne, bel ɗin cikin rediyon ne ya saki. Roba ce, zafin Maradi na watan huɗu kuwa ba ya barin roba da rai, mota a rana tun safe har la'asar.

Malama Zainabu: To ni da kwance kusoshi ina? Sai dai in aiko Abdul da shi ranar Asabar.

Isa Mai Lantarkin Mota: Ki aiko shi, ba sai da ko dala ba.

Sabi'u Zariya 2: Kun gani ko? Faranti, hoto, haƙori, bel. Duk don a guje wa jikka goma. Maigida Isa ka ce za ka zo kaina, ina jira.

Elhaji Garba: Sabi'u ɗana, bari ni in zo kanka kafin Isa. Abin da kake faɗa na yi shi, kuma na sha ruwansa. Ina da Marsandi tsohuwa, rediyonta na asali, murya kamar a masallacin Juma'a. Yara suka dame ni a sa mai USB. Na kai ta wurin wani yaro a bakin hanya, ba zan faɗi wurin ba. Maimakon ya nemo mahaɗin da ya dace, sai ya sa almakashi ya datse wayoyin motar gaba ɗaya, ya murɗa su da hannu, ya naɗe da salatif. Ranar na ji daɗi, ba ƙarya. Kwana uku ban fita da ita ba, ranar da zan tafi Tibiri gaisuwar rasuwa na murɗa makulli, ko ƙyas. Batir ya mutu murus. Aka tura, aka yi caji, bayan kwana uku haka. Na sayi sabon batir, haka. Sai da aka buɗe aka ga ya haɗe wayoyi biyu wuri guda ya ɗora kan wuta mai zama kullum, rediyon bai taɓa barci ba, fitilarsa na ci dare da rana. Sabon rediyon bai shekara ba allonsa ya mutu. Na ce a mayar mini da nawa na asali, aka ɗauko shi daga ɗaki, aka haɗa, sai ya rubuto yana neman lambar sirri. Takardar lambar tana wurin Baturen da ya fara sayen motar. Ga ni nan, biyu babu.

Habu Direba: Innalillahi. Baba Elhaji, wannan ai an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Isa Mai Lantarkin Mota: Allah ya huci zuciyarka Elhaji. Abin da yaron ya haɗe, rawaya da ja ne. A sababbin rediyo rawaya ita ke ɗauke da wuta kullum don kada ya manta tashoshi da agogo, ja kuwa ba ta samun wuta sai an buɗe kontak, baƙa ita ce masa, wato wayar da ake haɗawa da ƙarfen jikin mota. In ka ɗora ja a kan wutar kullum, to ka sa wa batir tsotsa. Maganar lambar sirri kuma kowa ya riƙe: rediyon motocin Turai da yawa, da na Honda, in wuta ta yanke masu sai sun nemi lamba. Na Volkswagen har rubuta SAFE yake ya yi shiru. Kafin a cire kan batir ko a zaro rediyo, a duba littafin mota ko akwatin gaba ko lambar na nan.

Sabi'u, ban ce sabon rediyo haramun ba ne, ni ma ina sa wa mutane kullum, da shi nake cin tuwo. In na asali ya mutu, a sa sabo. Amma da mahaɗi, ba da almakashi ba. Kuma mai rai ba a binne shi. Na Laminu lafiyarsa lau, an yi shi daidai da sifikun motar, kuma na ga irinsa sun haura shekara ashirin suna aiki. Mai arhar da kake magana, in ya ga damina biyu ya yi ƙoƙari.

Sabi'u Zariya 2: Nawa ya ga uku.

Habu Direba: Saura ta huɗu.

Mamman Dillali: Ni ta wajen ciniki zan yi magana. Mai saye in ya leƙa ya ga an fasa gaban mota an cusa wani rediyo yana lilo, gefe da gefe rami, nan take yake fara tunanin me kuma aka taɓa a wayarin. Ko bai faɗa ba zai rage a kuɗi. Mota mai kayanta na asali ita ke saurin fita hannu. Laminu, in ma ka canza wata rana, ka adana tsohon cikin leda.

Nura Mai Waya: Tunda an zo wajenmu, bari in ƙara abu biyu da ke dawo mini da mutane shago kullum. Masu sa memori ko kilen USB a jikin abin FM ɗin nan: yawancinsu ba sa karanta abin da ya wuce giga 32, kuma sai an tsara shi a FAT32. Mai giga 64 da wani tsari yake zuwa, ka soka shi abin ya yi kamar bai gan shi ba, mutum ya zo yana cewa na sayar masa da jabu. Na biyu, wa'azin da ake turowa a WhatsApp kamar saƙon murya ba MP3 ba ne, wani nau'i ne da ake kira opus. Waya na karanta shi, abin mota ba ya karantawa. Sai an juya shi zuwa MP3 tukuna. Amma in ta wutsiyar kaset ne babu wannan ciwon kai, duk abin da waya ta iya furtawa zai fito.

Sai dai a duba wayar tana da ramin 3.5. Tecno da Itel da Infinix galibi suna da shi. IPhone tun daga 7, a 2016, suka toshe nasu, sai da ɗan mahaɗi.

Malam Hamisu: Allah ya saka wa kowa. Tunatarwa ɗaya: duk wanda ya haɗa, ya zaɓi abin da zai saurara kafin ya tayar da mota. Neman sura a waya kana tsakiyar ƴan kabu-kabu a bakin kasuwa ba ibada ba ce.

Habu Direba: Malam, ai Laminu karatu ya ce. Waƙoƙin da ke cikin MP3 ɗin na uwargida ne, kuskure aka yi suka shiga.

Laminu Mokoyo: Habu ka kiyaye ni. Na gode jama'a, gobe in sha Allahu zan nemo kaset ɗin.

Laminu Mokoyo: Na dawo da rahoto. Na sayi kaset mai wutsiya, dala ɗari uku. Na tura, ya ƙi shiga. Na haska da fitilar waya, sai ga ƙwallon dabino biyu da murfin Bic a ciki, aikin jikokin kawu. Na zaro su da hantsaki. Ya shiga, ya yi magana, amma murya a dushe kamar mai mura, kuma sifikun hagu kawai ke yi. Sannan in na soka caja sai wani kuka ya taso, wiiii, in na taka mota ya ƙaru, in na saki ya sauka. Kamar sauro ya samu lasifika.

Isa Mai Lantarkin Mota: Ciwo ukku ne, kowane da nasa. Dushewar murya datti ne a kan da ke karantawa, ƙurar hunturu ta shekara da shekaru da tsatsar tsoffin kaset. Samo auduga mai tsinke, ka ɗan jiƙa da alkol na farmasi, ka buɗe ƙofar kaset da yatsa, za ka hango wani ƙarfe mai sheƙi a tsakiya, goge shi a hankali har auduga ta bar fitowa ja. Kada ka sa man fetur, kada ka kankare da ƙarfe. Ka bari ya bushe. Sautin waya kuma kada ka ƙure shi, ka tsaya wajen kashi ukku cikin huɗu, sauran ka ƙara a rediyo, in ba haka ba murya za ta fashe.

Gefe guda da ke yi, duba rigar wayarka.

Kukan sauron kuwa na altaneta ne, mai cajin batir in mota na aiki. In waya na shan wuta daga mota kuma tana ba rediyo sauti, masa ta zama biyu, ta caja da ta rediyo, ƙazantar wutar sai ta bi ta tsakaninsu ta shiga sauti. Shi ya sa yake bin ƙafarka. Cire caja ka ji, zai ɗauke. In dole sai ka yi caji kana saurare, canza caja mai kyau, ko a sa ɗan abin da ke raba masa a kan wayar sautin, ƙarami ne kamar akwatin ashana.

Habu Direba: Ni duk masar da ta zama biyu ban taɓa ganin ta zama matsala ba, in dai akwai miya.

Malama Zainabu: Habu dai ba ya gyaruwa.

Laminu Mokoyo: Maigida Isa, wallahi rigar ce. Robar ta yi kauri, kan bai shiga duka ba. Na cire ta, ya yi ƙyas, dama da hagu suka tashi tare. Auduga huɗu na ɓata, ta farko kamar an goge tukunya. Yanzu na zagaya har tasha na dawo, babu shuuu, babu ɗaurin aure. Caja kuma na haƙura da ita, da MP3 ɗin nake aiki, batirinta na kai ni yini.

Bashir Ɗan Jami'a: Ya ma fi maka, kira ba zai katse karatu ba, kuma duk motar ba za ta ji mai bin ka bashi ba.

Sabi'u Zariya 2: To madalla. Amma waya na reto daga bakin rediyo kamar akuya ta ci igiya, ni dai ba zan iya ba.

Isa Mai Lantarkin Mota: Don irinku anka yi ƙofa ta ukku. Laminu, in wata rana ka gaji da wutsiya, kawo ta mu zaro rediyon mu dubi bayansa. Akwai ɗan akwati da ake sokawa wurin na CD, rediyo ya ɗauka faifai ne, alhali USB ne da ramin waya, wani har da Bluetooth. Ana ɓoye shi a akwatin gaba, ba a yanke ko waya ɗaya. Sai dai ba a saye da ka. Na Toyota baki biyu ne, akwai mai ƙusa biyar da bakwai, akwai mai shida da shida, kuma sai rediyon na da maɓallin CD ko DISC. A gani tukuna, sannan a yi saƙo Kano, don ban cika ganinsa a nan ba.

Nura Mai Waya: In kun kai nan ku neme ni wajen zuba karatun. Irin akwatin nan lamba biyu rediyo ke nuna masa, ba ya wuce 99 a jaka ɗaya, surori kuwa 114 ne. Sai an raba su gida biyu, in ba haka ba bayan Zalzala, sura ta 99, ba za ka ƙara jin komai ba.

Elhaji Garba: Isa, shi wannan akwatin zai yi a Marsandi?

Isa Mai Lantarkin Mota: Elhaji, taka sai mun fara ɗinke abin da almakashi ya yanka, mu ga kuma yadda za a yi da lambar. Kawo ta ranar Litinin da safe kafin rana ta yi zafi, ka haɗo da tsohon rediyon da duk takardar da ka samu a motar.

Elhaji Garba: Allah ya kai mu. Laminu, abin FM ɗin nan da ka bari, kada ka yar.

Habu Direba: Baba Elhaji ka makara, tun jiya na aika yaron mota ya karɓo shi.